Tafkin Ikko da Garuruwansa: Jawabin Sakatare a Taron Ƙungiya



Yau za mu yi magana a kan ruwan da muke zaune a bakinsa, wato tafkin Ikko. Tafki ne marar zurfi, tsawonsa ya haura kilomita 50. Kogin Ogun yana zuba a cikinsa daga arewa, shi kuma yana haɗuwa da teku kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ikorodu tana gaɓar arewa, Epe tana gabas, wani rafi kuma ya miƙe yamma har Badagry.

Wannan ruwa shi ne hanyar fatauci tun kafin a yi titi. Shi ya jawo Turawan Ingila suka kori Sarki Kosoko a 1851, ya koma Epe da jama'arsa, sannan suka karɓe Ikko a 1861. A 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa ya kafa rundunar tsaro, wadda ta zama tushen sojan Nijeriya. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake suka ƙaru, zangon Agege ya cika da masu cinikin goro. Ke nan ba jiya muka zo ba.

Tsarin mulki na 1999 ma yana tare da mu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama, na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila ko addini, na 43 kuma ya ba mu damar mallakar fili ko gida a kowace jiha.

Amma jama'a, mu yi hattara. Filin bakin ruwa ya yi tsada, ido yana kansa. An rushe Maroko a 1990, an tashi mutanen Otodo Gbame a 2017. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka rasit ɗin mai sayarwa kaɗai bai isa ba.

Saboda haka kada kowa ya biya kuɗin fili sai an bincika takardunsa a ofishin filaye. Mai haya ya adana rasit da yarjejeniyarsa. Wanda ba ya karatu ya kawo takardarsa ajin yaƙi da jahilci mu karanta masa kafin ya dangwala hannu. Mu zauna lafiya da Yarabawa masu masaukinmu.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Wassalam.