Aboki na zuwa ya tafi, maƙwabci yana nan daram

Jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya gabatar gaban ɗalibai da ƴan ƙungiyoyin fararen hula, a kan siyasar waje da tsaron Nijar. Ga shi kamar yadda aka karanta shi.



Duk lokacin da aka ta da zancen siyasar waje da tsaron ƙasarmu, a fada ne ko a mahawarar gidan rediyo, tambaya ɗaya ake yi: da wa za mu tafi, Faransa ko Rasha, Amurka ko Sin? A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce: yaya muke zaune da waɗanda Allah ya haɗa mu iyaka da su? Tarihin ƙasar nan tun daga 1960 ya nuna cewa manyan ƙasashe na nesa suna zuwa ne don biyan buƙatarsu, su tafi ranar da buƙatar ta ƙare ko ranar da muka sallame su, alhali kuwa maƙwabci ba shi da inda za shi, mu ma ba mu da inda za mu.

Mu fara da duba taswira. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne, ba ta da bakin teku, kuma ƙasashe 7 suka kewaye ta: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Iyakarmu da Najeriya kaɗai ta kai kimanin kilomita 1.500, daga wajen Gaya har tafkin Cadi. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano tana da nisan kusan kilomita 1.000 daga Yamai. Biyu daga cikin maƙwabtan nan, Najeriya da Aljeriya, sun fi mu jama'a, sun fi mu dukiya, sun fi mu ƙarfin soja. Buhun shinkafa da kwalin magani da ake saukewa a bakin teku sai sun ratsa ƙasar wani kafin su iso kasuwar Maraɗi ko ta Tawa. Duk wanda ya hau kujerar mulki, farar hula ne ko soja, wannan taswira zai tarar a kan teburinsa.

Shugaba Diori Hamani ya fahimci haka, ko da yake shi ne ake yi wa kallon ɗan gaban goshin Faransa. A ranar 24 ga Afirilu 1961 Nijar, tare da Kodebuwa da Dahome, ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda a cikinta aka ba Faransa fifiko wajen sayen ma'adinai masu muhimmanci ga soja, har da ƙarfen uraniyom. To amma da yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya a 1967, Janar de Gaulle ya karkata ga ƴan Biyafara, Kodebuwa ta Houphouët-Boigny da Gabon ta Bongo kuma suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa a watan Mayu 1968, Diori ya ƙi bin sahu. Ya tsaya a kan haɗin kan Najeriya, ya shiga kwamitin shugabanni 6 da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora wa aikin sasantawa, har birnin Yamai ya karɓi zaman tattaunawar ɓangarorin biyu a watan Yuli 1968. Ya san wargajewar Najeriya za ta fara ƙone Kwanni da Maraɗi da Damagaram kafin hayaƙinta ya kai Faris. Yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, kuma a cikin shekarun 1970 wutar lantarkin madatsar Kainji ta fara haskaka babban birninmu. Ya saɓa wa ubangida don ya kiyaye maƙwabci, ƙasa kuma ta daɗe tana cin moriyar wannan shawara.

Yarjejeniyar 1961 kuwa, ranar da Diori ya fi buƙatarta ba ta amfane shi da kome ba. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 ya nemi a ƙara kuɗin uraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit. Ana cikin wannan ciniki ne sojoji suka kifar da shi a ranar 15 ga Afirilu 1974, sojojin Faransa da ke Yamai kuma ba su motsa ba. Masana tarihi suna ta muhawara a kan rawar da Faransa ta taka, kuma gaskiya ne yunwa da fushin talakawa sun riga sun raunana gwamnatin. Abin da babu gardama a kansa shi ne, takardar tsaro ba ta tsare wanda ya sa mata hannu ba. Laftanan-kanal Seyni Kountché ya sallami sojojin Faransa a wannan shekara, sannan a 1977 ya sake ƙulla yarjejeniyar horon soja da ita, a 1981 kuma ya yanke hulɗa da Libiya ta Gaddafi lokacin da sojojinta suka cika Cadi. Ku lura, korar sojojin Faransa ba a 2023 aka fara ta ba.

Misali na gaba ya fito ne daga zamanin demokaraɗiyya, don kada a ce laifin na sojoji ne ko na jam'iyya ɗaya tilo. A watan Yuni 1992, baitulmali babu kome, ma'aikata suna bin bashin albashi, gwamnatin riƙon ƙwarya ta firaminista Amadou Cheiffou ta amince da Taiwan saboda alkawarin dala miliyan 50. Ƙasar Sin ta naɗe tabarmarta ta tafi. Kuɗin suka shiga biyan albashi suka ƙare, a watan Agusta 1996 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Baré Maïnassara ta koma wa Sin. Shekara huɗu, an sauya aboki sau biyu. Wanda ya sayar da muryarsa don ya biya albashin wata biyu ko uku ya nuna wa duniya farashinsa, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ku kwatanta wannan da rigimar tsibirin Lete. A ƙarshen 1963 Nijar da Dahome sun kusa gwabza yaƙi a kan wannan tsibiri na kogin Kwara: an kori ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar, an rufe iyaka, kaya suka maƙale a Kwatano. Rigimar ta yi shekara 40 tana kwance tana tashi, har ƙasashen biyu suka yarda su kai ta gaban Kotun Duniya. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete, Benin ta karɓi hukunci. Haka aka yi da Burkina Faso, kotun ta yanke iyaka a 2013. Babu babbar ƙasar da ta ba mu Lete. Lauyoyi da tsofaffin takardu da haƙurin zama da maƙwabci suka ba mu shi, ba tare da an binne soja ko ɗaya ba.

Daga 2011 al'amura suka canja. Ƙasashen ƙawancen OTAN suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai, gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka watsu cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi. Waɗanda suka yanke shawarar yaƙin suna nesa, mu da muke bango ɗaya da Libiya muka kwashi tokar. A watan Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Magabatan lokacin suka buɗe ƙofa ga sojojin waje: Amurka ta kawo jirage marasa matuƙi Yamai a 2013, ta gina sansani a Agadas wanda ya ci fiye da dala miliyan 100, Faransa kuma bayan an sallame ta daga Mali a 2022 ta tara sojoji kimanin 1.500 a ƙasarmu. Duk da haka an kashe mana sojoji 71 a Inates a watan Disamba 2019, aka kashe 89 a Cinagodar a Janairu 2020. Kowane baƙo da abin da ya kawo shi: Amurka tana son ido a kan Libiya da Sahara, Turai tana son a tare hanyar baƙin haure ta Agadas, abin da dokar 2015 ta yi mata kafin a soke ta a Nuwamba 2023. Tsaron makiyayin Tillaberi bai taɓa zama buƙatarsu ta farko ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ba su aka zaɓa su tsare shi ba.

Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Abin da ya biyo baya ya nuna fuska biyu ta maƙwabtaka. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi a ranar 30 ga Yuli, Najeriya da Benin suka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke biyan kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarmu. Dakatar da taimakon Turai ya taɓa kasafin kuɗin gwamnati, amma rufe gadar Gaya da Malanbil ya shiga tukunyar kowane gida. A wannan wata na Agusta kuma, da aka fara maganar tura sojoji, daga maƙwabta ne aka samu masu riƙe hannun yaƙi. Sanatocin arewacin Najeriya sun ƙi, majalisar dattawan ƙasar ta nemi a bi hanyar sulhu, Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami Abubakar suka zo Yamai, tawagar malamai ta biyo baya, Aljeriya ma ta fito fili ta ce ba ta yarda da yaƙi a kan iyakarta ba. Mutumin Katsina ya san harsashin da aka harba Maraɗi cikin danginsa zai faɗa. An ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu 2024.

Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba 2023, na Amurka a Satumba 2024, masu ba da horo ƴan Rasha sun sauka Yamai a Afirilu 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a ranar 16 ga Satumba 2023, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Haɗa kai da Mali da Burkina a yankin Liptako-Gurma abu ne da hankali ya yarda da shi, tunda maƙiyi ɗaya ne yake ratsa iyakokin uku. To amma maƙwabta biyu ke nan cikin bakwai, kuma su ma ba su da teku. A 2024 da 2025 gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, manyan motoci suna zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, mai saye a kasuwa yana biyan kuɗin zagayen. Bututun mai na kusan kilomita 2.000 da kamfanin Sin ya shimfiɗa daga Agadem, a gaɓar Benin yake ƙarewa, kuma rigimar 2024 ta tsayar da lodin man na wani lokaci. A Maris 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi, a Afirilu kuma ta janye jakadanta daga Aljeriya don nuna goyon baya ga Mali bayan harbo wani jirginta marar matuƙi. Kowane mataki yana da hujjar da aka bayar. Idan aka jera su, sai a ga ƙasar da a cikin shekara biyu ta samu saɓani da ƙofarta ta kudu da ta arewa a lokaci guda.

Wani zai ce mani: maƙwabtan nan ai su suka yanke mana wuta, kuma jirgin yaƙi da bindiga ba a Kwatano ake ƙera su ba. Gaskiya ne. Babu mai cewa a daina sayen makamai daga Rasha ko Turkiyya, ko a daina ciniki da Sin. Yanke wutar 2023 kuma zalunci ne ga marar lafiyar da ke kwance asibiti. Sai dai maganinsa shi ne a kammala madatsar Kandaji da aka aza wa harsashi tun 2008, a yawaita tashoshin hasken rana irin ta Goru Banda, a riƙe hanyoyin teku fiye da ɗaya, Kwatano da Lome da tashoshin Najeriya, domin kada wani ya sake riƙe mana maƙogwaro shi kaɗai. Mai hanya uku yana ciniki da maƙwabcinsa kansa a ɗage. Gaba da maƙwabci ba ta ƙara mana ko megawat ɗaya.

Saura batun yadda ake yanke shawara. A ranar 9 ga Fabrairu 2015 majalisar dokoki ta amince baki ɗaya a tura sojoji 750 yaƙi da Boko Haram. A Afirilu 2022 ta yi muhawara a kan girke sojojin waje, ƙuri'a 131 suka yarda, 31 suka ƙi. Ana iya sukar sakamakon, amma an san wanda ya ɗaga hannu. Yarjejeniyar soja da Amurka kuwa, da aka soke ta a Maris 2024, ɗaya daga cikin hujjojin da magabata suka bayar shi ne ba a shawarci wakilan jama'a ba lokacin ƙulla ta. Hujja ce mai ƙarfi, kuma tana hawa kan kowa. Takardun haɗin gwiwar soja da aka sa wa hannu da Rasha a Disamba 2023, su ma ba a karanta wa jama'a abin da ke cikinsu ba a lokacin. Ɗan talaka ne zai mutu a fagen daga, uraniyom da man ƙasa ne za su biya bashi, saboda haka haƙƙin ɗan ƙasa ne ya san abin da aka yi alkawari da sunansa, ko da wace ƙasa aka yi shi.

Ɗalibai, a cikinku akwai jakadu da hafsoshi da dapitocin gobe. Duk yarjejeniyar da aka ajiye gabanku, ku tambayi abin da za ta haifar a Gaya da Asamaka da Boso da Ɗan Isa kafin ku tambayi abin da za a faɗa a Faris ko Mosko. Mu kuma ƴan jarida, aikinmu ne mu nemi takardun, mu fassara su cikin harsunan ƙasa, mu buga su.