Tara Zanen Asali na Tsofaffin Mujallun Yaƙi: Kasuwa ko Amana?



1. Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, watau tara zanen asali na mujallun nan masu ba da labarin yaƙi ta hanyar hotuna, waɗanda Turawa ke kira komik. Mai sauraro yana iya mamakin abin da ya kawo maganar littattafan yara zauren jami'a. Dalili shi ne, a cikin tarihin waɗannan takardu akwai tambayar da ta shafi kowane mai sana'ar hannu: idan aiki ya bar hannun mai shi, wa ya mallake shi, kuma sunan wa za a ambata ranar da ya yi daraja?

2. Mene ne Zanen Asali?

Kowane shafi da yaro ya karanta a mujalla, an fara zana shi ne da hannu a kan farar takarda mai kauri. A Amurka, kafin wajen shekarar 1967, girman zanen yakan kai inci 12 a faɗi da inci 18 a tsawo, watau kusan ninki biyu na shafin da ake bugawa. Daga baya aka rage shi zuwa inci 10 da 15. Wani ne ke tsara labari, wani ya zana da fensir, wani ya rubuta maganganu, sa'an nan a bi da baƙar tawada ta alƙalami da buroshi. Launi kuwa ba ya hawa wannan takarda, domin a madaba'a ake sa shi.

Saboda haka wanda ya riƙe zanen asali yana ganin abin da mai karatu bai taɓa gani ba: sawun fensir da ba a goge sarai ba, farin fenti inda aka rufe kuskure, da umurnin edita a gefen shafi. Kuma bugu yana iya saɓa wa nufin mai zane. Alal misali, a shekarar 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da mujallar Sgt. Fury, suka sa wani soja baƙar fata mai suna Gabe Jones cikin jarumanta, amma a fitowar farko sai masu sa launi suka mai da shi fari, har sai da aka aika musu da takardar gargaɗi.

3. Inda Takardun Suka Fito

A Amurka, fitattun mujallun yaƙi na farko da masana ke girmamawa su ne na kamfanin EC, watau Two-Fisted Tales da ta fara a 1950, da Frontline Combat da ta biyo baya a 1951, ana tsakiyar yaƙin Koriya. Editansu Harvey Kurtzman mutum ne mai ƙwaƙƙwafi, ba ya yarda a zana bindiga ko kakin soja da ka, sai an bincika. Shi ke tsara fasalin kowane shafi, sa'an nan ya miƙa wa masu zane irin su Jack Davis da Wally Wood da John Severin. Labaransa ba sa yi wa yaƙi kirari. A ɗaya daga cikinsu, na shekarar 1952, wani soja yana zaune a bakin kogin Imjin yana kallon gawa tana bin ruwa, sai ga abokin gaba ya auko masa, ya kashe shi da hannu, gawa ta biyu ta bi ta farko.

Kamfanin DC kuma yana da Our Army at War tun 1952, inda a 1959 Robert Kanigher da Joe Kubert suka kafa Saja Rock, da wasu mujallu da Russ Heath da Irv Novick suka yi wa aiki. A Ingila, War Picture Library ta fara a 1958, mai shafi 64, ana sayar da ita sule guda, ta ci gaba har 1984. A 1961 kamfanin D. C. Thomson na birnin Dandi a Sikotilan ya fito da Commando, wadda ta wuce fitowa ta 5,000 a 2017. Da yawa daga masu zanen waɗannan ƙananan littattafai mutanen Italiya da Sifen da Ajantina ne, cikinsu har da Hugo Pratt wanda ya shahara daga baya, kuma an yi shekaru masu yawa ba a buga sunayensu.

4. Yadda Wasu Suka Salwanta, Wasu Suka Tsira

A wancan zamani, kamfani yana biyan mai zane ladan shafi ne sau ɗaya, takarda ta zama tasa. Da zarar an ɗauki hotonta a madaba'a, amfaninta ya ƙare a idon kamfani. An yayyanka wasu an zubar, an ba maziyarta wasu kyauta, wasu suka ruɓe a ɗakin ajiya, wasu kuma aka sulale da su ta bayan gida.

Mai kamfanin EC, William Gaines, shi ya saɓa wa wannan hali. Ya adana kusan dukan zanen da aka yi masa, ya kulle shekara da shekaru. Albarkacin haka ne, daga ƙarshen shekarun 1970, Russ Cochran ya sake buga mujallun EC kai tsaye daga zanen asali, ya kuma riƙa yin gwanjon takardun. Wannan gwanjo yana cikin abubuwan da suka kafa kasuwar da ake gani a yau.

Sai a shekarun 1970 manyan kamfanoni suka fara mayar wa masu zane takardunsu, bayan matsin lamba daga irin su Neal Adams. Duk da haka Jack Kirby ya daɗe yana jayayya da kamfanin Marvel, kuma a 1987 abin da ya dawo hannunsa bai wuce kimanin shafi 2,000 ba, ɗan ƙaramin kaso na abin da ya zana musu. Ke nan, akwai takardun da ke yawo a kasuwa waɗanda ba a san ta ƙofar da suka fita ba.

5. Kura da Shan Bugu

Babu labarin da ya fito da wannan matsala fili kamar na Roy Lichtenstein. A 1963 ya yi wani ƙaton zane mai suna Whaam!, mai faɗin kusan mita huɗu, wanda ke nuna jirgin yaƙi ya harbo wani. Tushen zanen kuwa wani ɗan hoto ne da Irv Novick ya yi a mujallar All-American Men of War, fitowa ta 89, ta shekarar 1962. A 1966 gidan adana zane na Tate a Landan ya saye shi fam 4,665, kuma a yau yana cikin sanannun zanen ƙarni na ashirin. Lichtenstein ya ɗebi hotunan Russ Heath ma a wasu ayyukansa.

Masu kare shi suna cewa ya sake fasalin hotunan, ya girmama su, ya tilasta wa masana su dubi abin da suka raina, kuma akwai gaskiya a nan. Amma ba a ambaci sunan Novick ko Heath a jikin aikin ba, ba su kuma sami ko kwabo ba. Heath ya tsufa cikin ƙuncin hannu, har ya dogara da taimakon ƙungiyar Hero Initiative mai tallafa wa tsofaffin masu zane, ya rasu a 2018. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya adana shafin Heath na asali, ya rubuta sunansa a ƙasa, ya mayar masa da wani ɓangare na haƙƙinsa ke nan.

6. Nauyin da ke Kan Mai Tarawa

Abu na farko shi ne sanin silsila. Wajibi ne mai saye ya tambayi hannun da takarda ta bi kafin ta iso gare shi. Akwai alamomin da ke taimakawa: hatimin kamfani, lambar aiki da ta fitowa a saman shafi, da kuma hatimin hukumar tace mujallu da kamfanonin Amurka suka kafa a 1954. Ana kwatanta shafin da wanda aka buga, layi da layi, domin akwai masu kwaikwayo, akwai kuma tsofaffin masu zane da suka sake zana shahararrun bangayensu don sayarwa. Irin wannan halal ne muddin an faɗa, amma darajarsa daban ce.

Abu na biyu shi ne kiyayewa. Hasken rana yana dusashe tawada, laima tana kawo fumfuna, gam ɗin roba da aka liƙa kanun labari da shi yakan bushe ya bar tabo ruwan ƙasa, abin da aka liƙa ya faɗi. Ana ajiye shafi a kwance cikin jaka marar sinadarin da ke cin takarda, a wuri mai sanyi da duhu. Babban kuskure shi ne a goge rubutun edita ko a datse gefe don shafi ya yi kyau a bango, domin wannan rubutun shi ne abin da mai nazari ke nema.

Abu na uku shi ne haɗa kan labari. Labarin Kurtzman mai shafi shida ko bakwai an gina shi ne kamar baitocin waƙa, kowane shafi yana jingine da na gabansa. Ɗan kasuwa ya san zai fi cin riba in ya sayar da shi ɗai ɗai, amma da zarar shafuka sun watsu cikin ƙasashe, da wuya su sake haɗuwa.

Abu na huɗu shi ne buɗe ƙofa. Mallakar takarda ba ta ba mutum haƙƙin buga ta, wannan yana hannun mai haƙƙin mallaka. Amma yana iya ba da aro. A 2011 gidan tarihin soja na Landan ya baje kolin zanen Commando. Tun 2010 kamfanin IDW ya riƙa buga kundaye masu girman takardar asali, kuma sau da yawa sai an nemi shafuka daga hannun masu tarawa. Ɗakin karatu na Billy Ireland a Jami'ar Jihar Ohayo, wanda aka kafa a 1977, yana karɓar irin waɗannan takardu domin masu bincike.

7. Gargaɗi ga Mai Nazari

Kada kyan zane ya sa a ɗauke shi madubin yaƙi. Shaida ce kawai ta abin da masu bugawa suka ga ya dace yara su gani. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, amma da wuya mai karatu ya ci karo da su a matsayin jarumai a mujallun Ingila na wancan lokaci. Wanda aka bari a waje shi ma abin nazari ne.

8. Kammalawa

A taƙaice, takardar da aka biya ladanta sau ɗaya aka jefar, ita ce kaɗai wurin da hannun mai zane ya taɓa. Kowane shafi guda ɗaya ne a duniya, in ya ƙone ba shi da madadi. Mai tarawa zai riƙe shi shekara ashirin ko talatin, sa'an nan ya wuce hannun wani. Abin da za a auna shi da shi a ranar shi ne ko ya miƙa takardar lafiya, da silsilarta a rubuce, da sunan mai zanenta a jiki.