Tanadin Gurbi a Ma'adanar Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya koyi aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa a Cibiyar Iya Abubakar da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya san cewa ma'adanar na'ura tana da iyaka. Uwar manhaja, wadda ke raba wa sauran ayyuka wuri, takan yanka ma'adanar shafi-shafi, galibi kowane shafi bayit 4096.

To, idan ma'adana ta cika, tilas a kwashe waɗansu shafuka zuwa faifai, alhali kuwa kwashewar kanta tana bukatar ɗan wuri. In babu shi, sai na'ura ta tsaya cik, aikin mutane ya salwanta.

Saboda haka ne a shekarar 2001 Ingo Molnar ya shigar da wata dabara cikin Linux: a keɓe 'yan gurabe tun ana cikin yalwa, kada a taɓa su sai an nema a babbar ma'adana an rasa. Manomi ma ba ya cin irin shuka, komai tsananin bazara. Sharaɗin dabarar ɗaya ne, wato wanda ya ari gurbi wajibi ne ya mayar da shi da ya gama, domin na bayansa yana nan yana jira.