Daga Rumbu Zuwa Akushi: Aikin Emmy Simmons a Ƙasar Zazzau



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin wata masaniyar tattalin arzikin noma, Ba'amurkiya, mai suna Emmy Simmons. Ta yi karatu a Jami'ar Cornell, kana ta yi aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello.

Kafin bincikenta, David Norman ya riga ya nazarci noman ƙauyuka uku na kewayen Zariya a 1966 zuwa 1967, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba jahilci ke ɗibarsa ba. Yana yin haka ne domin in wani iri ya ƙi, wani ya yi, kuma gonar ta fi ba shi riba.

To, amma cika rumbu dabam, ƙoshin iyali dabam. Nan ne Simmons ta ɗora nata aikin. Daga 1970 zuwa 1971 ta bi gidaje a waɗannan ƙauyuka, ana auna abin da ake ci da abin da ake saye. Kasancewarta mace ya ba ta damar shiga inda namiji baƙo ba ya shiga. A can ta tarar da masana'antar da littattafan ofis ba su ƙidaya ba: matan kulle suna yin fura da ƙosai da man gyaɗa da ƙuliƙuli, yara suna kai talla. Ta nuna cewa gidan manomi ma yana sayen dafaffen abinci, kuma kuɗin sana'ar na matar ne, ba na maigida ba. Saboda haka duk wanda ya kawo injin da zai ƙwace wannan sana'a daga hannun mata, lalle ya taɓa tukunyar gida, ko da amfanin gona ya ƙaru.

A 1982 ita da Norman da Henry Hays suka fitar da littafi a kan tsarin noma a wannan yanki namu. Daga baya ta yi shekaru da yawa a hukumar USAID, ta kai babban matsayi kafin ta bar aiki a 2005.

Jama'a, darasin a fili yake. Ɗalibin da ke son sanin tattalin arzikin abinci sai ya tashi daga kujera, ya zauna bisa tabarma, ya saurara. Ma'aikacin da ke tsara shirin noma kuwa, kada ya tsaya ga lissafin buhuna. Ya tambaya: wa ya sarrafa hatsin, wa ya riƙe kuɗin, kuma me yaro ya ci a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa? In babu amsar waɗannan, shirin bai kammala ba.