Wa Ke Riƙe Da Sifana A Cikin Aji?



Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ba ta da nisa da mu. An buɗe ta a 2001, a 2022 kuma aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. A can ake koyon injiniyan lantarki, na gine-gine da na injuna. Nan cikin Gaya ga makarantar kimiyya ta Maitama Sule. Amma idan muka dubi kujerun majami'unmu, 'ya'yanmu nawa ne suka shiga wannan karatu suka fita? Kowa ya ƙirga a zuciyarsa, yatsun hannu za su ishe shi.

Ƙofar tana rufewa tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare. A nan ake raba yara, wannan kimiyya, wancan adabi ko kasuwanci. Mai son injiniya dole JAMB ta tambaye shi Lissafi, Fiziks da Kimistiri, ban da Turanci. Wanda bai ɗauke su a babbar sakandare ba, hanya ta ɓace masa, shi bai sani ba, mu iyayensa ma ba mu sani ba. Laifinmu ne a nan. Mun fi damuwa da kuɗin makaranta da kayan sawa, ba mu taɓa tambayar darussan da yaro ya zaɓa.

Wanda ya samu shiga kuma, sai ya tarar da wani abu. Ɗakin gwaji yakan kasance da na'ura ɗaya, ɗalibai da yawa sun kewaye ta. Yaron birni mai sakin baki da Turanci shi ke kama sifana, shi ke haɗa waya. Yarinya a ba ta biro, a ce ke rubuta mana sakamako. Ɗan ƙauye yana baya yana leƙe. A ƙarshe duk su sami maki ɗaya, malam ya ce an yi adalci. Ba a yi ba. Hannu ɗaya ne ya koya. Abin takaici, ɗan ƙauyen nan da ke baya shi ne yake kwance injin ban ruwa a fadama ya mayar, shi ke gyara injin niƙa idan bel ya tsinke. Sunan abin da Turanci ne kawai bai sani ba.

Saboda haka muna roƙon malamai, namu da waɗanda ba namu ba: a riƙa juya aiki. Mai rubutu yau, gobe ita ce a kan na'ura. Malam ya raba rukuni da kansa, kada ya bar yara su ware bisa unguwa ko addini. Idan bayani ya ƙi shiga da Turanci, a maimaita da Hausa, babu abin da zai ragu. Kada kuma a sa gwaji ko darasin cike gurbi ranar Lahadi da safe, kamar yadda ba a sa shi lokacin sallar Juma'a. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda addini, jinsi ko asali. Mun taɓa raka wani yaronmu neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, aka dube shi aka ce mai suna Bulus ba ɗan nan ba ne, alhali kakanninsa a nan aka binne su. Sai da muka koma sau uku tare da mai unguwa. Ya samu, amma da kyar.

Game da 'yan mata, mu ma sai mun gyara. A Nehemiya sura 3 an lissafa masu gyaran garun Urushalima, a cikinsu akwai Shallum tare da 'ya'yansa mata. Mu kuwa da yarinya ta ce injiniya take so, sai mu ce aikin jinya ya fi dacewa da mace.

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta rubuto sunayen yaranta da ke aji uku na ƙaramar sakandare, mata da maza, a kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa. Malamai biyu sun yarda za su riƙa koyar da Lissafi ranar Asabar a ɗakin makarantar Lahadi. Yaran maƙwabtanmu Musulmi ma, duk mai so ya zo, benci ya ishe mu.