Asalin Kalmar "Lady"

Yau hirarmu a kan wata kalmar Turanci ce da kowaccenku ta sha ji, wato "lady". Da ita Bature ke girmama mace, shi ya sa ake ce wa uwargidan shugaban ƙasa "First Lady". To amma kun san daga ina ta fito? Daga madafi!

Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mutanen Ingila "hlaefdige" suke cewa. Kalmomi biyu ne aka haɗa. "Hlaf" shi ne burodi, wanda ya zama "loaf" a Turancin yau, "dige" kuwa mai kwaɓawa. Kun ga ke nan ma'anarta mai kwaɓa burodi. Maigida kuma "hlafweard", mai tsaron burodi, wanda baki ya yi ta taunawa har ya koma "lord". Shi kuwa bara, "hlafaeta" ake kiransa, wato mai cin burodi. Gida kacokan, kowa da burodi aka raɗa masa suna.

Saiwar ma ta wuce nan. Masana sun bi sawun "dige" har zuwa wani tsohon harshe da aka yi magana da shi shekaru 5,000 zuwa 6,000 da suka shuɗe, kakan Turanci da Latin da Farisanci da Sanskirit na Indiya. Ba a taɓa rubuta shi ba, da kwatanta jikokinsa aka gano shi. A cikinsa tushen "dheigh" na nufin kwaɓawa da mulmulawa da hannu, ko gari ne ko laka. Daga nan "dough" ta fito, wato kwaɓaɓɓen fulawa. Daga nan kuma mutanen Farisa na da suka samu "pairidaeza", lambun da aka kewaye da katanga, wadda ta bi ta Girkanci ta zama "paradise".

Don haka uwargida, ran da wani ya ce miki ai ba kya aikin komai, kina gida kawai, kada ranki ya ɓaci. Ki tuna sunan da Bature ya fi girmama mace da shi, a bakin kwanon kwaɓi aka haife shi. Ke ma amarya, kada boko ya sa ki ji kunyar muciya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.