Turmin shekara 6 ba ya da magaji

Jawabin wani ma'aikacin kiwon lafiya a taron iyayen yara

 

Yau maganarmu a kan haƙoran yara take. Haƙoran nono 20 ne. Suna faɗuwa, wasu su fito a gurbinsu. Amma in yaro ya kai shekara 6, lokacin shiga lakwal, turame 4 suna fitowa can ƙuryar baki, 2 a sama, 2 a ƙasa. Bayan haƙoran nono suke tsirowa, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa suke cewa: «A bar shi, zai yi famfara.» To, jama'a, wannan turmi na girma ne. In ya tafi, babu wani a ƙarƙashinsa.

Abu biyu ke ɓata shi. Na farko, sukari. Alawa, biskit da lemun kwalba suna maƙalewa cikin ramukan turmi, ƙwayoyin cuta su mai da su tsami, tsamin ya huda haƙori. Na biyu, wani turmin da rauninsa yake fitowa. Za ku ga tabo fari, rawaya ko ƙasa-ƙasa. Yana marmashewa, yaro kuma yana ƙin ruwan sanyi.

Ku buɗa bakin ɗiyanku da rana, ku duba. In kun ga tabo ko kogo, ku tafi gidan likita, a nuna muku hanyar likitan haƙori. In da wuri ne, zai shafa maganin ƙarfafa haƙori, ko ya toshe ramukan. In kogo ya yi, zai wanke shi ya cike. Wani lokaci ya sa masa hular ƙarfe. In ya lalace sarai, sai cirewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen shekara 8 zuwa 10, don turmin da ke fitowa a shekara 12 ya matso ya rufe giɓin.

Kada ku sa taba, ruwan batir ko ƙwayar asfirin cikin kogo. Suna ƙona dasashi. Kanumfari yana rage zafi, amma ba ya warkarwa. In kumatu ya kumbura da zazzaɓi, kada ku bari ya kwana.

A goge haƙora safe da dare, da buroshi da man goge baki ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake. In babu, a yi asuwaki. Uwa ta taimaka wa yaro, don hannunsa bai iya kai ƙurya ba tukuna.

Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya.